Furen Likita da Butar Inna

Ɗazu na ji ɗayanku shina cewa wai sana'ar dashe ba ta wuce zuba ruwa ba, ko makaho ya iya. Na ji ka sarai, kunnena bai mutu ba tukuna. To ku gyara zama. Za ni ba ku labarin shekarar da zuba ruwa ya kusa raba ni da tuwon gidana, in kun gama ji sai ka maimaita abin da ka faɗa.

Ni a hannun kawuna Maidamma na koyi aikin ga, can Gangara. Shekara biyu cur bai bar ni na taɓa wuƙa ba. Aikina in tankaɗe ƙasar jigawa da rariya, in haɗa ta da tsohon taki, in huda gwangwanayen madara da ƙusa, in cika su. Kayan aikinmu duka ba su cika buhu ba: 'yar hauya, rariya, gwangwanin ban-ruwa, sai wuƙar aure. Ita ce ake yanko reshen mangwaro mai daɗi da ita, a haɗa shi da gindin na gida, a ɗaure. Ranar da ya fara ba ni ita na yi aure goma, biyu sunka kama. Ya tsaya ya dube su, ya ce, "Ummaru, takwas ɗin ga kai ka kashe su. Tafi ka yi ma uwarsu ta'aziyya." Ya nuna mini bishiyar mangwaron da munka yanko rassan, kuma wallahi sai da na tafi.

Daga baya na buɗe lambuna bakin gulbi, kusa da Sabon Birni, na yi shekara talatin da wani abu a wurin. Masu saye kuwa na ga iri-iri. Bafulatani ya sayi darbejiya don inuwa, kafin ta kai gwiwa ya tashi da shanunsa ya bar ta. Ma'aikaci ya sayi gwaiba, akuyarsa ta cinye, ya dawo shina faɗa wai na sayar mashi da marar lafiya. Duk na saba da su.

Sai ga muguwar shekara. Gulbi ya cika ya tumbatsa ana tsakiyar damina, kwana biyu ruwa shina tafe da ƙarfi. Da ya janye na je na tsaya inda rumfata take, ban tarar da ko leda guda ba. Mangwaro masu aure da na yi wata takwas ina reno, lemu, zogale, duk ruwa ya tafi da su, har rijiyar ta rufta. Ina da baki tara a gida, ga shi na wuce shekarun da za ni yi ma wani ƙodago a gona. Na ji tsoro, ba ni ɓoye muku.

Da kaka wani tsohon mai sayen kayana ya haɗa ni da wani gida a Isa, ana neman mai kula da shuke-shuke. Matar gidan likita ce, kowa Likita yake ce mata, ita ke son shuka. Mijinta Alhaji ɗan kasuwa ne, shi kuwa ko ganin ganye ba ya so. Tun ranar farko, ina tsugune bakin ƙofa, ya ce mata, "Ni da za ki ji shawarata, a zuba siminti a tsakar gidan ga duka, a huta da sauro da albashin mai lambu." Bai ko sassauta murya ba. Akwai kuma mahaifiyarsa, Hajiya Inna, tsohuwa mai yawan ibada, ɗakinta shina buɗewa cikin falo.

Ƙarshen sanyi Likita ta dawo daga Abuja da kwali a bayan mota, ta ce in ɗauko a hankali. Tukwane biyar ne na roba, garau, kana ganin abin da ke ciki. Ganye masu kauri huɗu ko biyar a kwance, sai doguwar sanda ta tashi ta lanƙwasa, furanni jere a kanta, uku farare, biyu ruwan hoda, kowane fure ya buɗe awa malam-buɗe-littafi. Ta ce sunansa okid. Ta jera su bakin tagar falo ta gabas, ta ce za ta tafi kwas na sati shida.

"Baba, amana ce na bar maka," in ji ta. "Alhaji ya ce in na dawo na tarar sun mutu, zancen siminti ya tabbata, kuma ba ni da bakin hana shi."

Na ce, "Likita, shekara arba'in ina aikin ga. Tafi abinki."

Ta ba ni wata takarda mai lambar wayar wanda ya sayar mata. Na cusa a aljihu ina raina ta a zuci. Ni za a koya ma shuka?

Washegari na duƙa na duba su da kyau, sai raina ya ɓaci. Babu ƙasa a tukwanen ko cikin cokali, ɓawon itace ne kawai anka tsuttsura. Saiwoyi kuma sun fito waje, sun hau bakin tukunya, suna reto a iska tsirara. Na ce lalle 'yan birni sun cuci Likita, sun sayar mata da shuka ko ƙasa ba su sa mata ba. Na ɗauki guda don gwaji, na zazzage ɓawon, na haɗa jigawa da takin tumaki mai kyau irin wanda mangwaro ke murna da shi, na binne saiwoyin duka, na danna da babban yatsa, na ba ta ruwa ta ƙoshi. Na koma gida ranar ina jin na yi aikin lada.

Kwana goma ganyenta ya yi laushi ya yanƙwane, furannin sunka zube. Na tone. Saiwoyin da na binne fari tas sun koma baƙi, in ka matsa sai ruwa, ga wari. A nan na tuna da takardar aljihuna, na ciro ta na buga waya.

Mutumin ya ɗauka. Ɗan wajen Jos ne, Hausarsa ta fita. Na gaya mashi abin da na yi, sai ya ce, "Baba, taki? Wayyo! Wannan fure a dajin da ya fito ba ya taɓa ƙasa. A jikin reshen itace yake mannewa. Ruwan sama ya jiƙa saiwarsa, iska ta busar da ita."

Na ce, "Awa kauci ke nan?"

"Kusan haka, sai dai shi ba ya shan ruwan jikin itacen, zama kawai yake yi."

Nan take kaina ya waye. Wa ya taɓa ganin an binne kauci? Ya ce in riƙa duban saiwar ta jikin robar. In tana kore, ta ƙoshi, in bar ta. In ta koma fari-fari awa azurfa, in kai tukunyar waje in kwarara mata ruwa shi bi ta ƙasa shi fita duka, kada ta zauna cikin ruwa. Kusan sati-sati ke nan. Kuma ko kusa kada ruwa shi kwanta a tsakiyar ganyen, inda sabon ganye ke fitowa. Rana kuwa haskenta suke so, amma in ta doki ganyen kai tsaye za ta ƙona shi.

Na bi maganarsa tiryan-tiryan. Amma sauran huɗun ba su daina lalacewa ba. Kullum in na zo da safe saiwa kore shar, tukunya da nauyi, farantin da ke ƙasa cike da ruwa. Na yi kwana tara ban ba su ko ɗigo ba, duk da haka a jiƙe suke. Ganyen ƙasa ya fara yin rawaya, 'ya'yan furen da ba su buɗe ba suna faɗuwa. Alhaji kuwa duk sanda ya gitta sai ya leƙa ya ce, "Mai lambu, yaya majinyata?" Ya yi dariya ya wuce.

Na saba da hantsi nike gama aikin falo in fita tsakar gida. Ranar nan na ce ba inda za ni, na zauna ina goge ganye da tsumma har anka kira azahar. Sai ga Hajiya Inna ta shigo daga alwala, tana ɗigar ruwa a gwiwar hannu, buta a hannunta. Ko kallona ba ta yi ba. Ta nufi taga, ta yi bisimilla, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tsiyaya ragowar ruwan, daidai tsakiyar ganyen.

Na miƙe zumbur. "Hajiya! Mi kike yi haka?"

Ta juyo ta harare ni. "Aikin da ka ƙi yi, Malam Ummaru. Bayin Allah ga, sati guda kana barinsu da ƙishirwa cikin zafin ga. Ba ka tsoron Allah? Ni tun ina budurwa ragowar ruwan alwalata ba ta zuba banza, gindin shuka nike ba. Sadaka ce."

"Sau nawa a yini, Hajiya?"

"Sau nawa ake salla? Har da walha."

Sau shida, jama'a! Kun dai san ba a ɗaga ma uwar maigida murya, balle a ce mata ladar da take nema ita ke kisa. In na kai ƙara wajen Alhaji, na kai ƙarar uwarsa, aikina ya ƙare a ranar. In na yi shiru, furanni su mutu, aikina ya ƙare bayan sati uku.

Na jira ta idar da salla, na ɗauko tukunya guda na tsuguna gabanta, na zare shukar daga ɓawon. Na miƙa mata saiwa guda na ce ta matsa. Ta matsa, fatar ta saɓule, ruwa mai wari ya fito, sai wani siririn zare ya rage a hannunta. Na gaya mata zancen kauci kamar yadda anka gaya mini.

Ta dubi yatsunta. "Innalillahi. Ni na yi wanga aiki?"

Na ce, "Ni na riga ki, Hajiya. Waccan da babu, ni na kashe ta da taki. Mu biyu ne a ciki."

Ta yi 'yar dariya, idonta da ƙwalla. Washegari na kawo dashen lemun tsami da na'a-na'a na dasa daidai inda take alwala, na ce waɗannan ko sau goma ta ba su za su gode. Sannan na roƙe ta alfarma. Na ce ni ba kwana nike a gidan ba, ita ke kusa da taga, ta zama mai duba mini saiwa, ranar da ta ga sun yi fari ta gaya mini. Tun daga ranar ba wanda ya isa shi matsa kusa da tagar ga da ruwa. Jikokinta ma da sanda take korarsu.

Aikin da na yi ranar ba ni mance shi. Na sayo sabuwar reza na gasa ta a wuta. Na zazzage duka huɗun bisa tabarma a inuwa, na wanke saiwoyin, duk wadda ta yi laushi na yanke ta har inda ta yi tauri, na shafa garin gawayi a bakin yankan. Na bar su sunka sha iska yini guda. Tsohon ɓawon ya riga ya ruɓe, don haka na samo ɓawon busasshen mangwaro, na farfasa shi gutsi-gutsi, na tafasa, na shanya, na haɗa da 'yan dunƙulen gawayi. Na ƙara huda tukwanen ta gefe da ƙusa mai zafi don iska. Guda ɗaya ruwa ya riga ya ci zuciyarta, ganyen tsakiya ya zare a hannuna, wannan ba ta yi sati ba. Saura uku, ɗaya ma saiwa biyu kacal ta rage mata.

Da Likita ta dawo ta tarar da tukwane uku, ba fure ko guda, sandunan na yanke su tun da sun bushe. Na ce, "Likita, biyu sun mutu. Ta farko jahilcina ne ya kashe ta." Ban yi niyyar faɗin wanda ya kashe ta biyun ba. Sai Hajiya Inna ta ɗaga labulen ɗakinta ta ce, "Ta biyun butata ce. Kada a ɗora mashi."

Alhaji bai iya ɗora mini laifi ba, tunda uwarsa ta shiga ciki. Amma ɗan kasuwa ne, bai saki ba. Ya ce, "To na ji. Amma ni ganye nike gani, ganye kuwa ko a bola akwai shi. An sayo su don fure. In sanyi ya zagayo ya fita ba su yi fure ba, magini za shi shigo." Likita ta dube ni. Na ce na yarda, don ba ni da wata amsar.

Bazarar Isa kun san ta, ba sai na faɗa ba. Wuta ba ta zama, fanka a tsaye, bango ma zafi yake fitarwa. Falon ya zama tanda. Na kwashe su na kai ɗakin Hajiya Inna, shi ya fi sanyi a gidan, na aje su kusa da randarta da ke bisa jiƙaƙƙen yashi. Na cika faranti da tsakuwa, na zuba ruwa bai kai saman tsakuwar ba, na ɗora tukwanen, don su riƙa shaƙar laimar ba tare da gindinsu ya taɓa ruwa ba. Taga na rataya mata farin mayafi mai shara-shara. A watannin nan biyu ba su ƙaru da komai ba, ba su kuma mutu ba, ni kuwa abin da nike roƙo ke nan.

Da ruwa ya sauka na lura ruwan rijiyar gidan shina barin wani fari-fari a jikin saiwa, sai na koma tarar ruwan sama a bokiti. Takin zamani kuwa ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka nike narkawa a bokiti guda, shi ma ba kullum ba. Sai ga sababbin saiwoyi suna leƙowa, kansu kore mai sheƙi. Wasu sunka fito waje suna reto, hannuna shina ƙaiƙayi in binne su, na ce ma kaina, Ummaru, kama kanka. Kowace ta yi sabon ganye, mai saiwa biyun ma ta yi ɗaya.

Ganye dai ba shi ne alkawari ba. Kaka ta wuce shiru. Na sake kiran mutumin Jos, ya ce sai sun ji sanyi na 'yan makwanni kafin su yi niyyar fure, in mayar da su bakin taga in riƙa barinta a ɗan buɗe, amma kada iska ta buge su kai tsaye. Na yi haka. Sati uku, ba labari. Ana cikin haka wata safiya na zo na tarar da buhunan siminti jibge a zaure, magini shina auna tsakar gida da igiya, shina taka mini na'a-na'a. Ya ce, "Baba, ɗan matsa." Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Kwana huɗu bayan haka, ina shigowa, Hajiya Inna ta tare ni tun daga ƙofa. "Malam Ummaru, zo ka ga wata saiwa marar kunya, sama ta nufa." Na duƙa. Wani ɗan tsiro ne ya fito tsakanin ganye biyu. Saiwa kanta a mulmule yake, wanga kuwa kansa a ɗan baje, kuma kore ne tun daga gindi. Na ce, "Hajiya, wagga ba saiwa ba ce. Sandar fure ce." Tsohuwar ga ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Bayan sati ta biyu ma ta fito da tata.

Kada ku ce an gama. Sandar ga tafiyar hawainiya take yi. Na kafa mata siririn tsinken gora na ɗaure da zare sako-sako, na hana kowa juya tukunyar, don in an juya sandar karkacewa take yi tana neman haske. 'Ya'yan furen sunka fito ƙanana awa ƙwayar gero, sunka kai wake, sunka tsaya nan suna ja mini rai. Sanyi ya fara sauƙi, mutane sun fara aje bargo. Magini ya zo sau biyu shina tambayar ranar fara aiki.

Ranar wata Laraba da hantsi ina share tsakar gida sai na ji guɗa daga falo. Hajiya Inna ce, da tsufanta, take rangaɗa guɗa awa an kawo amarya. Na yar da tsintsiya na shiga. Fure guda ya buɗe, fari tas, faɗinsa ya kusa tafin hannuna. Daɗi ya kama ni, sai dariya nike yi. Kafin sati biyu tara sun buɗe a sanda guda, shida a ɗayar. Likita ta ɗauki hoto ta tura ma mutumin Jos, ya ce shi bai taɓa jin wanda ya sa okid ya sake fure a zafin ƙasar Sakkwato ba, a gaishe da Baba.

Alhaji ya dawo daga tafiya ya tarar da su. Anka ce shina kirana. Na zo na tsuguna bakin ƙofar falo inda na saba. Shina tsaye gaban taga, hannu a baya, ya daɗe bai juyo ba. Sannan ya ciro waya ya kira magini, a gabana, ya ce, "Ka zo ka kwashe simintin ga ka kai shago, a gyara daɓen can. Tsakar gida an fasa." Ya kashe wayar ya dube ni.

"Malam Ummaru, taso ka zauna bisa kujera."

Shekara da watanni ina gidan, ranar ya fara kiran sunana. Na ce ƙafata da laka. Ya ce kujerar tasa ce, in zauna. Na zauna, anka kawo mini ruwan sanyi a kofin gilashi. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "Wai in mutum shina son mangwaro a tsakar gidan ga, wane iri ya kamata a dasa?"

Amsar tana bakina tun kafin shi rufe nasa. Amma na ɗauki kofin ga na sha a hankali, na shanye tas, Alhaji shina tsaye shina jirana.